Sarkin Teku na Gafasa

Duk faɗin Ajingi babu wanda ya ga duniya kamar Alhaji Sharfaddeen, dillalin taki na Gafasa. Da bakinsa ya faɗa, kuma mai neman kujerar kansila ai ba ya ƙarya.

'Yan kwanaki ya yi a Ghana, ya ziyarci wani tsohon ginin Turawa mai ganuwa a bakin teku, shi ke nan ya zama Sarkin Teku. Tsarabarsa ruwan gishiri ne cikin jarka, yana rabawa a murfin kwalba kamar wanda ya sauka daga Makka. Duk wanda ya kurɓa ya yamutsa fuska, sai Alhaji ya ce harshen ƙauye ne bai saba da abin waje ba.

Abin da ya fi cika baki da shi wata 'yar ƙofa ce mai kallon teku. "Ƙofar manyan baƙi ce," in ji shi. "Ba kowa ake bi da shi ta nan ba. Ni har sunkuyawa na yi, saboda tawali'u."

Ranar da dattawan jam'iyya za su fitar da ɗan takara tsakaninsa da Malam Bunu, Alhaji ya sa aka ɗauko talabijin ɗin gidan kallon ƙwallo, don kowa ya ga bidiyon irin tarbar da aka yi masa a Ghana.

Aka kuwa gani. Ga masu ziyara a wani ɗaki mai duhu, wasu suna share hawaye. Ga Alhaji a tsakiya, babbar riga ta sha sitaci, yana ɗaga hannu kamar a taron kamfe. A bayansa muryar ɗan jagora, wani Bahaushen zangon Ghana, tana fita tar. Ya ce a ɗakin nan ake tsare bayi, ta wannan ƙofa ake fitar da su zuwa jirgin ruwa, kuma babu wanda ya taɓa komowa gida. Da Hausa ya yi bayanin, domin Alhaji kaɗai. Alhaji lokacin yana gyara karin hularsa.

Dattawa suka ba Bunu takara ba tare da doguwar shawara ba.

Hajiya Indo, shugabar mata, ta miƙe tana gyara mayafi. "Bayin Allah nawa suka bi ta ƙofar nan ba su dawo ba," ta ce. "Mu namu aka dawo mana da shi."