Yadda Aka Mayar wa Rema Ƙasarta

A wani daji, can bayan inda sawun fatake ya ƙare, an yi wani baƙin dutse mai faɗin baya kamar an kifa akushi. A tsagarsa ta gabas akwai idon ruwa wanda ko bazara ta kai bazara ba ya ƙafewa. Da hantsi ƙadangaru su baje a kansa suna shan rana, da la'asar barewa ta zo ta sha ta koma. Kai, zamani ya yi daɗi a wurin nan. Cikin wannan tsaga aka haifi Iya Rema, 'yar gajeruwar dabbar nan ta duwatsu, nan aka haifi uwarta da kakarta, nan kuma take fatan ƙarasa kwanakinta.

Ana nan sai manyan daji suka fara sha'awar gidan kankare. Kankare kuwa sai da tsakuwa, tsakuwa sai an niƙa dutse. Karkanda, wanda sana'arsa ke nan, ya zo gaban Majalisar Kula da Ƙasa neman lasisi.

Shugaban majalisar Burtu ne, mai murya kamar daga cikin tulu. Ya ce, "Jama'a, dajin nan ba na kara-zube ba ne, muna da ƙa'ida tun kaka da kakanni. Kowa zai fasa dutse, sai mai duba ƙasa ta je ta ga wurin da idonta, ta rubuta yadda ta same shi. In ya gama aikinsa, dole ya mayar da wurin daidai da abin da ta rubuta, ba daɗi ba ragi. Gani ya kori ji."

Iya Rema ta yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, ni ban yi karatu ba. Dutsen da aka niƙa, da me ake mayar da shi? Ko akwai mai ɗinka gari ya koma gero?"

Aka yi dariya. Karkanda ya ce, "Haba Iya, ke da za a kai masauki ki huta? Kwana nawa ne? Ki dawo ki tarar da ɗakinki har da shafe."

"Uhm. Mahauci ma cewa yake yi da akuya zo ki sha inuwa."

Burtu ya buga baki a ƙasa. "Iya, doka ce ta lamunce miki, ba Karkanda ba. Kuma Hawainiya za mu aika."

Da jin haka hankalin tsohuwa ya kwanta, don duk dajin an san Hawainiya ba ta karɓar ko goro. Idonta ɗaya na kallon gabas, ɗaya yamma, ba abin da ke wuce ta. Aibinta guda ne: ba ta ajiye ƙafa sai ta yi shawara da sauran ukun. Rema ta ɗaure 'yan komatsanta, ta koma wani tsohon suri a bakin fadama, inda danshi ke sa mata ciwon gwiwa.

Kafin a watse Karkanda ya ce, "Ranka ya daɗe, wata 'yar alfarma. Kafin mai duba ta iso, a bar ni in ɗan gutsuri dutsen in gwada, kada a wahalar da baiwar Allah a kan dutsen da ba shi da kyau."

Majalisa ta ga ai wannan tausayi ne. Aka ba shi izinin gwaji.

To, gwaji ya fara. Ya gutsuri arewa ya ga da kyau, sai ya ce ai ba a san halin kudu ba. Ya gwada kudu, ya gwada sama, ya sa nakiya don ya ji abin da ke ciki. Ƙurar niƙa ta rufe ganyen itatuwa har tsuntsaye suka riƙa tari. Damina uku ana gwaji. Ita kuwa Hawainiya tana hanya, bil haƙƙi, ba ta tsaya ko'ina ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ranar da ta iso, ta zagaya wurin a tsanake, ta auna, ta rubuta gaskiyar abin da ta gani: rami ɗaya, zurfinsa gaba ashirin, koren ruwa a ƙasansa, tulin ɓaraguzai a yamma. Ta dangwala hannu. Da takardar ta isa majalisa aka buga hatimi, aka ba Karkanda cikakken lasisi. Ya yi godiya, ya kwashe 'yar tsakuwar da ta rage cikin mako guda, ya aiko cewa ya gama.

Iya Rema ta taho da komatsanta, tana ɗingishi, tana ta zumuɗin ruwan tsagar nan mai sanyi. Ta tsaya a bakin rami ta daɗe. Daga nan ta wuce majalisa.

"Ranka ya daɗe, na zo karɓar dutsena."

Burtu ya sa aka karanta takarda. Ya ce, "Rami ɗaya, gaba ashirin. Karkanda, haka ka bar shi?"

"Ko taku ban ƙara ba, ranka ya daɗe. Ɓaraguzan ma da iska ta watsa sai da na sa aka tattara su yamma."

Rema ta juya wajen mai duba. "Hawainiya, 'yar nan, tsakaninki da Allah. Ba a kan dutsen nan uwarki take shanya ku ba? Ba ni nake koran muku shaho ba?"

Hawainiya ta sauya launi sau biyu. Ta ce, "Iya, wallahi na tuna. Har ɗumin dutsen ina ji a cikina. Amma ba a aike ni in rubuta abin da na tuna ba. In na sa dutse a takarda alhali rami na tarar, na yi ƙarya, ni kuwa ban taɓa yi ba."

"Ba ki yi ƙarya ba," in ji Rema. "Da ma kin yi."

Burtu ya miƙe ya yi jawabi. "Jama'a, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ba mu musa wa Iya ba. Sai dai majalisa ba ta aiki da 'da can'. In muka buɗe wannan ƙofa, gobe kowane tsoho zai zo da dutsensa a ka. Abin da muka gani yau abin alfahari ne. An nemi izini, an duba, an rubuta, an mayar. Ban taɓa ganin aikin da ya bi ƙa'ida daga farko har ƙarshe kamar wannan ba." Aka yi tafi, aka rataya wa Karkanda lambar yabo ta kyautata muhalli.

Tsohuwa ta fita daga majalisa. Ta koma bakin rami, ta turo manyan ɓaraguzai uku, ta jingina su ta yi 'yar tsaga daidai jikinta, tana fuskantar gabas. Ta kwana biyu a ciki, ta ce barcin da ta yi rabonta da irinsa tun barinta gida. A rana ta uku takarda ta iso: an sami labarin wata ta sauya fasalin wurin da hukuma ta riga ta tabbatar, ba tare da lasisi ba. An umarce ta ta mayar da duwatsun yamma, inda doka ta san su.

Ta mayar. Ta koma surinta na bakin fadama, can rai ya yi halinsa a lokacin kaka.

Har yau dabbobin da aka haifa daga baya suna kiran wurin da sunan Gindin Dutse. Majalisa ta kafa kwamiti ya binciko inda wannan kuskuren suna ya samo asali.