Ƙarfen da Na Sa a Wuyan Gitar

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na tara ƙauye guda, manya da yara, don su zo su ga basirata, suka ƙare da kallon noti yana nitsewa cikin ƙwaryar fura ba. Yau gashina ya yi fari, amma duk lokacin da abin ya faɗo mani sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi kamar jiya aka yi.

A lokacin ina ɗan shekara ashirin da biyu, sabon mushe, wato malamin lakwal, makarantar boko ke nan, an turo ni daga Damagaram zuwa wani ƙauye tsakanin Dungas da Dogo-Dogo. Shekara biyu ke nan da wucewar babban farin da ya cinye dabbobin mutane, kowa na lallaɓa ɗan abin da ya rage masa. Uba ba ya ganin dalilin da ɗansa zai wuni a rumfar zana yana rera baƙaƙen Nasara alhali ga awaki ba mai kiwo. Yarana sai raguwa suke, yau a ɗauke ɗaya, jibi biyu. Direkta, shugaban lakwal ɗinmu, ya kira ni ya gaya mani ba ɓoye-ɓoye cewa in aka dawo hutun damina ba su kai ashirin ba, za a rufe ajin, a ce wa sauran su riƙa zuwa Dungas. Ni da shi duk mun san ba yaron da zai yi wannan tafiya kullum da ƙafa. Karatunsu ya ƙare ke nan.

To, na lura da abu ɗaya. Yaran da ke gyangyaɗi in ana lissafi, da an ce waƙa sai su wartsake. Ni kuma a Damagaram na ɗan taɓa gitar wani abokina, na iya riƙon tsirkiya iri uku (uku rak, amma yadda nake ba da labarin sai ka ce ni na ƙirƙiro ta). Sai na miƙe a gaban aji na yi alkawarin cewa ranar bikin rufe lakwal za su yi waƙa a gaban iyayensu, ni kuma in bi su da gitar. Ba ni da gitar, ba ni da halin sayenta, abin da nake da shi baki ne. Na kuma bi gida-gida ina gayyata, musamman gidan Malam Buba mai shanu, wanda ke da 'ya'ya uku a ajina. Shi ne wanda in ya janye nasa, rabin unguwarsu za su bi shi.

Gangar jikin gitar ba ta ba ni wahala ba, tsohon akwatin shayi na samo a kasuwar Magariya na yanka. Tsirkiyoyi kuwa wayar birkin keke na warware. Kayan aiki na ara wurin Baba Tanko, masassaƙin ƙauyen, dattijo mai sassaƙa turmi da akushi da ƙotar gatari. Ya ba ni gizago da kurfi da zarto da magagari, ya kuma ba ni gefen rumfarsa in riƙa aiki bayan la'asar. Wuyan farko da na sassaƙa kwana bakwai ya yi a miƙe. Da tsirkiyoyi suka ja shi sai ya tanƙware kamar bakan maharbi, har ɗan tsako zai iya wucewa ta ƙarƙashin wayoyin bai sunkuya ba.

Na rubuta wa abokina wasiƙa, ya maido amsa da zane. Ashe gitar kanti akwai siririn ƙarfe kwance a cikin wuyanta. Ana fafe masa kwari a tsawon icen, tsakiyar kwarin ta fi bakinsa biyu zurfi, don ƙarfen ya kwanta a ɗan lanƙwashe. Ƙarshensa ɗaya a maƙale yake a gindin wuyan, ɗayan yana da noti a wajen kai. Sai a rufe shi da siririn allon da yatsu ke dannawa. In ka ɗaure notin, ƙarfen ya nemi miƙewa, ya tura allon sama, wuyan ya miƙe tare da shi. Na karanta wasiƙar nan har ta yage a ninki.

Wani maƙeri a Dungas ya ƙera mani ƙarfen, ya lanƙwasa gefe ɗaya kamar ƙugiya, ya haɗa ɗaya gefen da guntun ƙarfen tsakiyar tayar keke mai zare da notinsa. Na samo busasshen maɗaci na sake sassaƙa wuya. Kwarin nan ya ci mani mako biyu. In ja layi da zare da gawayi, in sa kurfi in ɗan ƙwanƙwasa, in hure garin ice, in tsoma karan dawa in auna zurfi. Yatsuna duk suka yi kanta. Amma ranar da ƙarfen ya kwanta daram a wurinsa, wallahi na ji daɗin da ban ji ba ranar da aka ba ni takardar gama makaranta.

Saura liƙa allon. Ni ɗan gidan malamai ne, da ƙaro na tashi. Da shi ake haɗa tawada a gidanmu, da shi muke liƙa taswira da yagaggun littattafai a lakwal. Saboda haka na jiƙa ƙaro mai kauri a ƙoƙo na zo da shi rumfa. Baba Tanko, wanda duk kwanakin nan bai tsoma mani baki ba, ya leƙa ƙoƙon ya ajiye gizagonsa.

"Mushe, da wannan za ka rufe shi?"

"Da shi, Baba."

"Ka ce ƙarfen tura allon yake daga ciki, ko? To, ƙaro ba ya son damina. Da ya ji sanyin ruwa sakewa yake. Bari in fiƙe maka 'yan turakun ice mu kafe shi."

Abin da na ce masa har yau ina jin nauyinsa. Na yi wani ɗan murmushin 'yan boko na ce, "Baba, wannan aikin Nasara ne, ba turmi ba ne. Ba ya cikin zanen." (Ƙaron ma ba ya cikin zanen, amma wannan bai dame ni ba.) Dattijon ya ɗauki gizagonsa ya ci gaba da turminsa.

Kuma abin ya yi. Wannan ne ya ƙara kumbura mani kai. A zafin bazara ƙaron ya bushe ƙam, na ɗaure noti, wuya ya miƙe sambal. Gitar ta yi sauti, ba na kanti ba, amma sauti. Yaran da suka daina zuwa suka fara leƙe ta kafar zana, biyu ma suka dawo suka zauna. Ni kuwa tafiyata ta sake, ina ratsa ƙauye da gitar a kafaɗa ko ba inda za ni.

Kwana uku kafin biki aka yi ruwan shuka, mai yawa. Washegari aka ƙara. Rufin ɗakina na yoyo, komai ya yi laushi, har ashana ta ƙi kamawa. Ranar biki da hantsi aka shimfiɗa tabarmi a gindin gawon lakwal. Ga maigari, ga direkta, ga iyaye sun baro gonakinsu don ni, mata a baya, Malam Buba a sahun gaba an ajiye masa ƙwaryar fura. Yara suka jeru. Na ɗauko gitar, sai na ga wuyan ya ɗan sunkuya, wayoyin sun tashi.

Mai hankali zai koma bayan aji ya duba a ɓoye, ko ya lallaɓa ya kaɗa ta a haka. Ni sai na ga dama ta samu. Na ɗaga gitar sama na ce, "Jama'a, kafin mu fara, bari in nuna maku abin da ilimi ke yi. Kun ga wuyan nan ya tanƙware? Akwai ƙarfe a cikinsa da ido ba ya gani. Yanzu zan ba shi umarni ya miƙe." Na zaro kile daga aljihu, irin wanda masu gyaran keke ke ɗaure noti da shi, na murɗa sau ɗaya. Shiru. Na murɗa na biyu, na ji wani ɗan ƙara ƙas-ƙas, na ce a raina aiki ya fara. Na waiwayi Malam Buba na yi masa murmushi, na murɗa na uku da ƙarfina.

Allon ya ɓalle fau, ya tashi ya daki haɓata. Ƙarfen ya yi tsalle ya fito daga kwarinsa yana rawa, wayoyi biyu suka tsinke, notin ya kuɓuce ya yi sama. Dukanmu muka bi shi da ido har ya sauka tsulum cikin furar Malam Buba. Ga ƙaro ya narke yana bin yatsuna kamar miyar kuɓewa.

Ba wanda ya yi motsi. Malam Buba ya dubi ƙwaryar, ya dube ni, ya ce cikin natsuwa, "Mushe, shi ma wannan cikin umarnin yake?"

Nan wuri ya fashe. Maigari ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza, mata suna riƙe juna, direkta ya ƙura wa takalminsa ido. Ni na tsaya riƙe da gawar gitar, na ji da ƙasa za ta buɗe da na gode mata. Abin da ya fi kunyar ciwo shi ne fuskokin yarana. Sun yi wata biyu suna koyon waƙar nan, ga shi na mai da su abin dariya, na kuma tabbata ajin ya rufu da hannuna.

Sai muryar Baba Tanko ta taso daga can gefe. "Kai yara, ku yi waƙarku. Ai bakinku ba da ƙaro aka liƙa shi ba." Aka sake kwashewa da dariya, amma yaran suka fara, da rawar murya da farko, sannan suka saki jiki. Mata suka kama masu tafi. Ni ma na kifa akwatin a cinya na riƙa buga bayansa da tafin hannu, don ban san inda zan kai hannuwana ba. Sau uku aka sa su maimaita.

Washegari na ja ƙafa zuwa rumfar Baba Tanko, na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata tun farko, na ajiye tarkacen a gabansa. Ya juya wuyan, ya shafa kwarin da babban yatsa ya ce, "Fafewar ta yi kyau, hannunka na da kirki. Matsalar ita ce ƙarfe biyu ka sa. Ɗaya a wuyan gitar, ɗaya a naka, shi ya hana ka sunkuyawa ka ji magana."

Hutun nan ban tafi gida ba. Muka zauna ni da shi, ya nuna mani yadda zan ƙara faɗin kwarin daga ciki in bar bakinsa a matse, mu zura siririn ice a kan ƙarfen ta yadda ba shi da hanyar tsalle. Na sayo danƙon kafintoci a Magariya, shi kuma ya kafe allon da turakunsa guda takwas. Sai dai ba noti, sai da na aro na wani tsohon keke. Gitar nan ta ga damina goma sha ɗaya.

Ranar komawa lakwal na zauna a bakin aji ina ƙirga kawuna. Can sai ga Malam Buba da sandarsa, 'ya'yansa uku a gaba, wasu huɗu na maƙwabta a baya. Ya kwance bakin rawaninsa ya ciro wani abu ya sa mani a tafin hannu. Notina ne, an wanke shi tas.

"A gindin ƙwarya na same shi," in ji shi. "Na ce in ka gudu garinku in ajiye shi abin tunawa. To, ba ka gudu ba. Wanda ya sha irin kunyar nan ya tsaya ya gyara, zai iya riƙe mani yara."

Yara ashirin da shida na rubuta a ranar. Sunan Mushe Mai Ƙarfen Wuya kuwa ya bi ni har na yi ritaya, kuma ban taɓa musa shi ba. Abin da na koya bai da yawa: in za ka gwada basirarka, fara gwada ta a bayan ɗaki, kuma in dattijo ya ajiye gizagonsa don ya yi maka magana, kai ma ajiye zanenka. Notin yana nan cikin akwatina. Duk ranar da na ji wuyana ya fara tauri, sai in ɗauko shi in duba.