Yadda Na Zama Zakin Jega

Shekarar da ƙungiyarmu ta manoman albasa ta ce a sauya wa kwamfutocinta manhaja, ni aka ba aikin. Lokacin ina ji da kaina. Wani mai shagon gyaran kwamfuta ya ce zai taya ni, na ce ya bari.

Dabarata ita ce in shirya komai a kwamfutata ta gida, in kwafa wa sauran. Haka na zagaye ofisoshinmu na Jega, Aliero da Maiyama a kan babur, ana ba ni fura, ana sa mini albarka. Kai, zamani mai daɗi!

Na manta matata ce ta raɗa wa kwamfutar gidan suna, kuma har da sunan na kwafa.

Ranar buɗe sabuwar manhajar, shugabanmu, dattijo mai furfura, ya kunna tasa gaban jama'a. Allo ya gaishe shi da manyan baƙaƙe: Zakina.

Ya gyara tabarau.

"Wanga zaki, wane na?"

Aka juyo ana kallona, ni da iska ke kaɗawa.

An daɗe da sauya kwamfutocin nan. Amma har yau in na je sayen nama, mahauci sai ya ce, "A gasa, ko ɗanye za ka ci, Zaki?"