Inci Biyar na Porwal Sahib

A duk unguwarmu ta birnin Indore na ƙasar Indiya, kai har da unguwannin da ke bayan layin dogo, babu mutum mai kwarjini kamar Kanhaiyalal Porwal. Ba ni na faɗa ba, shi ya faɗa, kuma wa ya fi shi sanin kansa? Shekara talatin da ɗaya ya yi a ofishin ruwa. A takarda dai mataimakin akawu ne, amma a bakinsa shi ya shayar da birnin nan kaf, har da shanunsa. Da ya yi ritaya sai ya kafa Ƙungiyar Masu Tattakin Safe ta lambun unguwa. Shi ya rubuta mata tsarin mulki, ya tsaya takarar shugabanci shi kaɗai, ya kuma lashe da gagarumin rinjaye.

Tattakin ba mai wahala ba ne. Sukan zagaya lambun sau ɗaya, Porwal Sahib a gaba yana nuna wa itatuwa yadda ya kamata su tsaya. Daga nan su zube a bencin mai poha, wato dakakkiyar shinkafa da ake soyawa da albasa, kowa da farantinsa, da jalebi, soyayyen ƙullin nan da ake tsomawa a ruwan sukari, mai zafi yana ɗigar zaƙi, Shugaba ya yi jawabi kan lafiyar jiki har rana ta yi zafi.

Tsawon Porwal Sahib ƙafa biyar ne da inci takwas. Wannan ba abin gardama ba ne. Haka mahaifinsa ya rubuta wa dangin amarya lokacin neman aure, haka yake a katin aiki, haka yake a duk takardar da aka taɓa ba shi ya cike. Kuma bai bar wa takarda aikin ita kaɗai ba, ya taimaka mata. Akwai wani baduku a tsohuwar kasuwa da ke ɗinka masa takalma masu tudu a ciki. Gashinsa kuwa kowace safiya sai an shafa masa mai an taje shi sama, ya tsaya cirko-cirko kamar tukkun zakara. A gida, inda kowa ke tuɓe takalmi a bakin ƙofa, shi yana da silifa ta katako mai kaurin burodi, wai sanyin ƙasa na shiga masa gwiwa. A wurin bauta, inda babu silifar da za ta cece shi, tun daga ƙofa yake zubewa ya shiga da rarrafe, har tsofaffin mata suna nuna wa 'ya'yansu shi su ce ga mai tsoron Ubangiji.

Matarsa Pushpalata ba ta da hoto ko ɗaya a tsaye. A zaune take a na aure, a zaune take a na ritaya, shi kuma a bayanta, hannu a kafaɗarta, yana kallon nesa. In sun fita tare tana tafiya taku biyu a bayansa, ta ɗan rankwafa. Maƙwabta suka ce ladabi ne. A bayan idonsa ana kiransa Hasumiyar Agogo. Wata rana sunan ya isa kunnensa, ya ji daɗi ƙwarai, ya ce mutanen unguwa sun fara hankali.

Abin da baduku bai iya ɓoyewa ba shi ne faɗi. Kilo casa'in da takwas. Ciwon suga ya shekara goma sha biyu yana zaune da shi, magani ya daina jin magana, gwiwoyi suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Likitarsa, Dokta Farida Kanchwala, mace ce mai gajeriyar magana. Ta duba takardun gwaji ta ce sugan ya fara taɓa ƙoda, kuma in ana so a tsayar da shi sai an yi tiyatar rage ƙiba. Ta ce iri uku ne, amma mai suga irinsa wadda ake karkatar da hanyar abinci ta fi dacewa da shi. Duk wannan a minti ɗaya ta faɗa, lokacin Porwal Sahib yana gyara gashinsa a gilashin kabad, saboda haka bai ji ba.

Ya koma gida ya kafa kwamitin bincike mai mutum ɗaya. Mako biyu yana nazari, sannan ya kira taron gaggawa a bencin mai poha.

"'Yan'uwa masu tattaki," in ji shi, "na auna hanyoyi uku. Ta farko, a zura wa mutum balan-balan a ciki. Ni ba bikin yara ba ne. Ta biyu, a yanke tumbi a bar shi siriri kamar ayaba. Wannan ita aka yi wa mai shagon goro na bakin titi, kuma ba don raini ba, akwai bambanci tsakanina da shi. Ta uku ita ce a rufe babbar hanya a ja sabon bututu ta gefe. To, wa za a koya wa bututu? Shekara talatin da ɗaya. Ni zan nuna wa likitar inda za ta sa mahaɗi."

Washegari ya je ya sanar da Dokta Farida abin da bincikensa ya gano. Ta ce madalla, ta miƙo masa takardar neman amincewar kamfanin inshora.

Nan fa ake yin ta. Kuɗin tiyatar ya haura rupi dubu ɗari biyar, shi kuwa Porwal Sahib, duk da ya shayar da birni, fanshon mataimakin akawu yake karɓa. In inshora ba ta biya ba, babu tiyata, ƙoda kuma ba ta jiran kowa. Ma'aikaciyar jinya ta ɗora shi a sikeli, ya haƙura. Da ta nuna masa bangon da ake auna tsawo, sai ya karɓe biron daga hannunta cikin murmushin manya.

"'Yata, ba a auna Porwal. Gwamnati ta riga ta auna ni tun ba a haife ki ba." Ya rubuta biyar da takwas da hannunsa, har ya ja layi a ƙasa.

Bayan kwana goma amsa ta zo. Kamfanin yana da wata lamba da yake fitarwa in ya haɗa nauyin mutum da tsawonsa, kuma mai ciwon suga sai lambarsa ta kai talatin da biyar za a biya masa. Ta Porwal Sahib talatin da uku ce. A taƙaice, ga dogon mutum irinsa, kilo casa'in da takwas ba ƙiba ba ce ta a zo a gani.

Ya rubuta wasiƙar ƙorafi mai shafi shida, ya tunatar da kamfanin cewa ruwan da suke sha a ofishinsu ta tebur ɗinsa ya bi. Aka aiko masa da amsa mai layi biyu.

Sakataren ƙungiya, Master Bhalerao, tsohon malamin lissafi ne, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Ya jawo takardar jaridar da aka naɗo jalebi a ciki, ya yi 'yan rubuce-rubuce a gefe.

"Porwal-ji, hanya biyu ce. Ko ka ƙara kilo bakwai, ko kuma," ya ɗan yi tari, ya kalli takalman Shugaba, ya ɗauke kai, "ko a sake duba ɗaya lambar. Ka san ma'aunin da can ba shi da tabbas."

"Master-ji, na ji hanyar farko. Ta biyun kuwa ban fahimce ta ba, kuma ba na son a maimaita."

Haka mutumin da likita ta ce ƙiba za ta kashe shi ya ɗaura ɗamarar ƙara ƙiba, don inshora ta yarda a rage masa ƙiba. Kuma a yi masa adalci, bai taɓa riƙe wani aiki da gaskiya kamar wannan ba. Poha faranti uku. Jalebi da madara. Da rana kachori, fanken nan mai cushen wake da yaji, da yamma a leƙa layin masu soye-soye. Ya soke zagayen lambu gaba ɗaya, ya ce ƙungiya ta shiga hutun nazari. Pushpalata tana kallo tana zuba masa abinci. Sau biyu ta buɗe baki, sau biyu ya ɗaga mata yatsa ya ce harkar inshora ba ta mata ba ce.

Ya samu kilo huɗu a mako uku. Ranar Talata da safe, yana tsakiyar jawabi kan juriya, sai kalmomi suka fara harɗewa a bakinsa. Ya dafa benci, benci ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Hasumiyar Agogo ta faɗi a gaban mai poha, takalmi ɗaya ya fice ya yi gefe. Master Bhalerao ne ya ɗauke shi da sauri ya cusa a jakarsa, kafin ma a ɗauki mai takalmin.

Ya farfaɗo a gadon asibiti, babu takalmi, gashi ya kwanta lumus. Dokta Farida ta ce saura kaɗan ya gama wa kamfanin inshora aiki, don ba sa biyan tiyatar mamaci. Ta fita. Pushpalata na zaune a gefen gado, idanunta sun kumbura. Ta ji tsoro ƙwarai, irin tsoron da ke kore kunya, kuma a shekara talatin da huɗu na aurensu ba ta taɓa katse masa magana ba sai ranar.

"Ina ganin," in ji shi, "za a ɗan jinkirta shirin, amma kilo uku kacal suka..."

"Baban Minu," ta kira shi da sunan 'yarsu kamar yadda ta saba, "ya isa. Ni na auri mai rai, ban auri inci takwas ba. Tashi ka tsaya a bangon nan."

Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Abin tausayi ne a ga babban mutum yana saukowa daga gado ƙafa ba takalmi, yana neman ƙasa da yatsu. Ya roƙi a ja labule. Ya roƙi a fitar da mai shara. Ya tambaya ko za a iya jira ya taje kansa, ma'aikaciyar jinya ta ce katakon ma'aunin zai danne gashin ko an taje. Ya jingina da bango, ya miƙe har jijiyar wuyansa ta fito, ya rufe ido.

Ƙafa biyar da inci uku.

Lambarsa ta tashi kusan arba'in. Cikin kwana tara kamfanin ya amince, har da fatan samun sauƙi. Da suga ya lafa aka yi tiyatar, aka ja sabon bututu ta gefe, kuma likitar ta sa mahaɗin ba tare da shawararsa ba, saboda yana barci. Ƙoda ta tsira. Wata biyu yana shan romo da cokalin shayi, yana kallon faranti kamar tsohon abokin da suka ɓata.

Amma mutum irin Porwal Sahib ba ya barin abu ya wuce babu taro. Ya yi tunani ya ga cewa tun da asiri ya fita daga hannunsa zuwa fayil ɗin kamfani, gara ya bayyana shi da kansa, a matsayin sadaukarwa irin ta manyan shugabanni. Ranar da ya koma lambu ya zo da takalmin roba shafal, wando na jan ƙasa. Ya sa aka yi shiru. Ya hau kan dakalin famfo, don a ji shi sosai.

"'Yan'uwa, ku daure. Abin da zan faɗa zai girgiza ku, wasunku ma ba za su yarda ba. Na ɗauki wannan nauyi ni kaɗai shekara da shekaru, ko iyalina ba su sani ba. Shugabanku, wanda kuke ɗaga kai ku kalla," ya tsaya, ya bar maganar ta nuna, "tsawonsa ƙafa biyar ne da inci uku."

Ya jira salati. Ya tanadi hankici ma, ko wani zai buƙata.

Ba wanda ya motsa. Mai poha ya ci gaba da yanka albasa. Can sai wani daga ƙarshen benci ya yi tsaki ya ce shi ya sha kaye, biyar da biyu ya ce. Wani ya ce shi biyar da huɗu ya ce, saura ƙiris. Master Bhalerao ya cire tabarau ya goge, cikin jin nauyi.

"Kada ka ji komai, Porwal-ji. 'Yar gasa ce muka sa tun shekarar da aka kafa ƙungiya. Kowa ya faɗi nasa hasashen, wanda ya dace a saya masa jalebi kilo ɗaya. Shekara tara muna jiran a auna ka."

Shugaba ya sauko daga dakali a hankali. Muryarsa ta yi ƙasa, ta koma daidai tsawonsa.

"To, wa ya ci?"

"Ai ba a cikinmu ba ne. Bhabhi-ji ce, matarka. Ta ce tun makon farko na aurenku ta auna ka da tef ɗin ɗinki, kana minshari."

Mai poha ya naɗe jalebi kilo ɗaya a takarda, mai zafi, yana ɗiga, ya miƙa wa Porwal Sahib ya kai mata gida. Ga shi likita ta hana shi ko lasa.