Rasuwar Tsohuwa, Kwamfutar Yayana

Da zuciya mai nauyi da baƙin cikin da na rasa inda zan ajiye shi, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar Tsohuwa, kwamfutar marigayi Yayana. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da rana, a kan teburin ɗakinsa, ni ina bakin titi ina facin taya. Ban samu ganawa da ita ba.

Marigayiyar baƙa ce, mai nauyi, gefenta ɗaure da salatif. Murfinta ya karye tun tuni, ba ya rufuwa. Ba ta da 'yan hotunan nan da ake dannawa, baƙin allo ne kawai da fararen haruffa, don Yaya ya ce hotunan kwalliyar banza ce. Shi gyaran kwamfutocin ofisoshi ne sana'arsa. Ni karatuna bai yi nisa ba, kowa ya sani.

Da ciwo ya kwantar da Yaya, sai ya yi ta naɗar muryarsa a cikinta saboda 'yarsa, wadda muke kira Kurciya. Akwai labarai, akwai waƙar da yake mata in za a yi wanka, har da faɗa, wai in ta girma ta fara ƙiriniya a kunna mata. Sannan ya kira ni bakin gado, ya kama yatsana.

“Ƙanena, wannan yatsan naka ai guduma ne. A hankali, ba taya ba ce.”

Layi uku ya koya mini. In na rubuta acpi na danna babban maɓalli, sai ta gaya mini cajin da ya rage mata. Na biyu yana kunna murya. Na uku, systemctl suspend, shi ke sa ta barci. Wannan na ukun ya ba ni wuya, sai da na yi ta rubuta shi a ƙasa da tsinke a wurin aiki har oga ya tambaya ko lafiya.

“Barci kawai,” in ji Yaya. “Kada ka kashe ta, kada ka bari caji ya ƙare. In ta mutu gaba ɗaya, sai da kalmar sirri za ta buɗe.”

Na ce to mece ce kalmar? Ya yi dariya ya ce, “Kai da gaggawa. Ina nan ai.” Bai jima ba bayan nan.

Ina shaida cewa Tsohuwa mai haƙuri ce. In na yi kuskuren harafi ba ta zagi, sai ta sauko layi ta jira ni. In ta farka takan yi wani ɗan fuuu, kamar dattijuwa ta tashi daga tabarma. In za ta kwanta sai ta ce ƙit, allon ya yi duhu, wata 'yar fitila ta yi ta kamawa tana saki kamar numfashi. Da yamma Kurciya za ta hau cinyata ta ce, “Baffa, tashi Abba.” Kuma Tsohuwa ba ta taɓa ba mu kunya ba.

Ciwonta ya soma ne daga batir. Da safe ta ce mini ta ƙoshi, kafin in gama ɗaure takalmi ta ce yunwa. In aka ɗauke wuta, rungume ta nake yi a buɗe in kai ta shagon mai aski, inda akwai janareta, yana tsokanata wai ga mai jego ta iso. Masu cewa me ya sa ban kwashe muryoyin ba, na kai ta wurin mai gyara sau ɗaya. Kafin in gama gaisuwa yatsansa ya kai kan maɓallin kashewa. Na fizge ta na fito, daga nan ban ƙara yarda da hannun kowa ba. Wani kuma ya ce da na ari babbar waya na kara mata na naɗa. Wannan dabarar sai yanzu take zuwa wa kowa.

Ranar Talata na sa ta barci na fita, caja a jikinta. Ummanmu ta shiga share ɗakin, ta cire cajar ta jona tukunyar dafa ruwa, ta manta ba ta mayar ba. A ganinta allon a kashe yake. Ba ta san mai barci ma tana cin caji ba. Da na dawo fitilar ta daina numfashi. Na jona, na danna, ta taso, sai ga layi ɗaya yana tambayar kalma.

Ina roƙon masu zuwa gaisuwa, don Allah kada kowa ya gaya wa Umma. Na ce mata batir ne. Ita ma tana laɓewa a bakin ƙofa ta saurari ɗanta, tana yi kamar shara ta kawo ta.

An yi iya ƙoƙari. Na gwada sunan Kurciya, na gwada na Umma, na gwada lambar babur ɗinsa. Matar Yaya ta ce, “Gwada nawa.” Na gwada, shi ma ya ƙi. Ta ce, “Dama na sani,” ta yi dariya, sai dariyar ta juye.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai lafiya, da jaka mai ɓallallen zif, da maɓallin wani harafi da ya fita muke ajiye da shi a kofi. Ta bar ni da layi uku da ba ni da inda zan rubuta su. Ta bar yarinya da har yanzu take hawa cinyata da yamma.

Game da jana'iza: mai gyara ya ce zai iya wanke cikinta tas ta dawo sabuwa, amma duk abin da ke ciki ya tafi. Ƙanwarmu na buƙatar kwamfuta a makaranta, manya kuma sun yanke a yi hakan. Na roƙa an ba ni zuwa Asabar da hantsi. Kafin nan gawar na kan teburin, duk wanda ya yi aiki da Yaya ko ya san wata kalma da yake so, ƙofa a buɗe take, ya zo ya gwada.

Ana karɓar gaisuwa a ɗakin gaba. Kada a kawo komai. Sai dai kowa ya duba tsofaffin saƙonnin wayarsa kafin ya taho. Wanda ya samu muryar Yayana, ko da “ina kan hanya” ce kawai, ko yana masa faɗa ne, ya zo da ita kafin yamma.