Yadda Za Ki Yi wa Kumandan Cukun Akuya

Matso nan, 'yar'uwa. In kika bi matakan nan bi da bi, na yi miki alkawari kumandan Dogon Dutsi, Nasaran da ke mulkin ƙasar, zai ci cukunki har ya lashe wuƙa. Ni Hasiya ta Dumega na gwada da hannuna, kuma har yau ban gama kwasar ribar ba.

1. Ki mallaki akuya ɗaya tak

Mai garke ta wuce, ba da ita nake ba. Ɗaya ake so, ja, mai nono, kuma ya kasance akwai bakin da ke rayuwa da ita. Tawa Balki ke sha, ɗiyar ƙanwata, wadda uwarta ta rasu ta bar min ita tana wata biyu.

2. Ki bari sunanki ya fita

Ki koyi cuku wajen matan ruga, ki riƙa ba maƙwabta suna ɗanɗanawa. Maƙwabta mutanen kirki ne, kafin kasuwa biyu sun kai yabonki kunnen gardi, wato ɗan sandan kumandan. Zai zo da jar hularsa ya tsaya miki a ƙofar gida. Nawa Sallau sunansa.

"Ke ta Hasiya mai cuku? Kumandan na son na akuya. Kwana goma."

"Ranka shi daɗe, akuyar guda ta, kuma jinjira ka shan ta."

"To. In babu cuku akwai aikin hanya. Na ga mijinki, Allah ya yi mai ƙarhi."

Ki durƙusa ki yi godiya. Ba kowace mace gwamnati ke tunawa da ita ba.

3. Ki nemi shawarar mai gida

Wannan matakin kada ki kuskura ki tsallake shi. Mijina Inusa ya zauna bakin rumbu ya auna abin sarai: in cuku ya yi daɗi za su ɗauke akuya, in babu cuku za su ɗauke shi. Sai ya ɗaga yatsa.

"Nasara mutum na mai tsabta, ko ruwa sai ya tace shika sha. Yi mai wanda ko kare ba ya ci. In ya ji ɗoyi shi kore ki, mu huta."

Na dube shi na ce lallai na yi dacen miji.

4. Ki haɗa cukun

Ki tatsi nonon kwana uku. Jinjira kuwa ki cika mata ciki da ruwan koko, za ta yi kuka, ki ce mata na ɗan lokaci ne. Ki ɗora nonon a wuta ya yi ɗumi, kada ya tafasa. Ki daka ganyen tumfafiya, ki tace ruwan, ki ɗiga kaɗan. In ya kama, ki juye a tsumma mai tsabta ki rataye a rumfa.

Daga nan mace mai hankali takan shimfiɗa shi a rana ya bushe fes. Ke dai mai dabara ce, ki wuce mataki na gaba.

5. Ki lalata shi da kyau

Gindin randa, inda laima take. Ki kife masa ƙwarya, ki manta da shi kwana biyar. Za ki san ya nuna in ya tsiro da gashi kore-kore, surukarki kuma ta fara tambaya ko ɓera ya mutu a ɗaki. Ni sai da na toshe hanci da gefen zane kafin na ɗaga ƙwaryar. Inusa ya leƙa, ya ja da baya, ya ce, "Alhamdu lillahi, mun tsira."

6. Ki kai shi da ƙafa

Kwana biyu, a ka, cikin rana. Amfanin wannan shi ne ba wanda zai dame ki da hira a hanya.

7. Ki tsaya gaban kumandan

Za a tsugunar da ke ƙarƙashin baranda. Gado, kukun gidan, zai buɗe ƙwaryar ya yi a'uzu billahi. Ki sunkuyar da kai, ki ɓoye murnarki, ki jira a daka miki tsawa.

Kumandan zai sauko. Zai kai hancinsa har cikin ƙwaryar ya lumshe ido. Zai zaro wuƙa ya yanko, har da gashin, ya shafa a burodi ya kai baki. Wallahi da idona na ga hawaye na bin jan kumatunsa. Ya yi ta magana cikin hanci, tafinta ya juyo gare ni.

"Ya ce shekara ukku bai ji ƙamshin garinsu ba sai yau."

"Ƙamshi, malam?"

"Ƙamshi yac ce. Ni hwaɗi a aikina, ba shaƙa ba."

Na ƙara sunkuyar da kai. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan yabon ba.

8. Ki karɓi girman da aka yi miki

Akuya mai irin wannan baiwa ba ta dace da ƙauye ba. Za a tura gardi ya taho da ita, a ɗaure ta bayan gidan kumandan, a riƙa ba ta harawar gyaɗa da dussa, abin da ba ta taɓa gani a gidanki ba. Tunda kuma ba wanda ya iya ruɓar da nono kamar ke, za a ba ki bukka kusa da ita. Kullum safe ki tatsi akuyarki, Gado na tsaye a kanki kada ɗigo ya ɓace. In kika yi zancen jinjira, tafinta zai ce kumandan ma yana son yara ƙwarai.

Abin lura

Duk wadda ta bi wannan karatu akuyarta ta tafi, ba ruwana, kada ta zo min da kuka. Cuku mai karɓuwa na yi alkawari, ban ce komai game da akuya ba. Mai ƙorafi ta tafi wajen Inusa, shi ne mai ilimin Nasara. Ni ba ni da sukunin sauraron kowa: da hantsi ina ƙarƙashin tsumman cuku da ƙoƙo, ina tarar ruwan da ke ɗiga, wanda kumandan ya ce a zubar. Shi Balki ke sha yanzu. Tana da rai. Kada ki ce in kwance goyon ki gan ta.