Rasuwar Uwar Haƙuri, Akori-Kurar Mai Ƙanƙara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannaye da har yau ba su rabu da baƙin fenti ba, Mai Ƙanƙara yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar akori-kurarsa, wadda aka fi sani da Uwar Haƙuri. Ta cika ranar Talata da hantsi a gangaren bakin kasuwa, kaya a bayanta, kamar yadda ta rayu.

Shekara goma sha tara marigayiya ta yi tana jigilar ƙanƙara zuwa rumfunan masu kifi, ita ke ciyar da baki tara a gidan. Da safe takan yi tari uku, "kyar, kyar, kyar," sannan ta ce "gurrr," maƙwabta su san gari ya waye. Ko sau ɗaya ba ta taɓa kwanar da maigidanta a hanya ba.

Ciwon ajalinta tsatsa ce, wadda ta fito mata ja-ja a gadon baya. Baffansa mai walda ya ce a kawo ta ya yanke wurin ya ɗora sabon ƙarfe. Mai Ƙanƙara kuwa ya rantse ba mai sa wa motarsa wuta yana numfashi. Sai ya sayo gwangwani huɗu na baƙin fentin nan mai kauri, wanda in ya bushe yake zama kamar roba, ya ce da hannunsa zai yi jinya.

Jinya kuwa an yi ta, irin wadda ba a fatan maƙiyi ya gani. Ya far mata da injin gurza, tartsatsi na tashi, baiwar Allah tana "ƙiiii" kamar ana yanka ta da dakusasshiyar wuƙa. Ya bi da buroshin waya har ya tafi da fatar yatsunsa biyu. A kusurwoyi ya tarar da ramuka huɗu, ya ɗauka tsatsa ce ta huda. Ashe da su aka ƙera ta, don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ya cusa musu tsumma, ya danne da ƙusa, ya malala fenti har hawa uku.

Baffa ya zo ya leƙa, ya ce:

"Ɗana, ka toshe mata mafitsara."

Ɗan ya ce hassada ga mai rabo taki ce.

To, ƙanƙara dai narkewa take yi. Ruwa ya rasa hanya ya kwanta, ƙugiyar jan ƙanƙara ta yagi fentin, ruwa ya shige ƙarƙashi. Wata goma sha ɗaya sama tana ƙyalli ana yabo, ƙasa tsatsa na cin ta kamar gara ta samu azara. Ranar Talata ta faɗa rami, bayanta ya ɓarke gida biyu. Ƙanƙara ta rufta ta karya sandar da ke juya ƙafafun baya, sandar ta yi ta tsula wa cikinta duka har ta farke tankin mai. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙwas."

Ta rasu ta bar taya huɗu masu sanƙo, da madubi ɗaya, da jak ɗin aro, da maigida wanda masu kifi suka riga suka bar shi suka koma wa wani.

Za a kai ta makwancinta ranar Alhamis a filin masu sayen tsohon ƙarfe. Sai dai sun aiko cewa ba sa ɗora roba a sikeli, dole a feɗe gawa kafin a kawo. Baffa ya aiko da guduma da cizal. Tun jiya Mai Ƙanƙara ke durƙushe a kanta yana sara yana share ido, bai ɓamɓare faɗin tafin hannu ba, don fentin, a gaskiya, mai kyau ne.

Ana roƙon masu zuwa gaisuwa kowa ya taho da gudumarsa.